Zuwa ga 'yata mai shari'a

Assalamu alaikum Mamana, ya aiki ya yaran? Na ji saƙonki cewa an rantsar da ke a babbar kotu, Allah ya sanya albarka ya taya ki riƙo. Kin ce burinki wata rana ki zauna a kotun ɗaukaka ƙara, to shi ne na ce bari in rubuto miki tun yanzu kafin mutane su fara yi miki layi a ƙofar gida.

Kin fi ni sanin doka, amma bari in tuna miki wani abu. A kotun da kike yanzu kina ganin mai ƙara da idonki, kina ganin yadda muryar shaida ke rawa in lauya ya matsa masa da tambaya. Can sama kuwa yawanci ba ki ganin kowa sai fayil, tulin takardu da aka ɗaure da zare, ku uku ku zauna ku karanta abin da wani alƙali ya yi ku ce ya yi daidai ko ya kauce. Abin da nake ji miki tsoro kenan, mutum ya saba da takarda har ya manta akwai wani a gidan yari da yake ƙirga kwanaki, duk ɗage zama ɗaya da aka yi matarsa ce za ta koma gida ta rasa abin da za ta faɗa wa yara.

Kuma kar ki yi gaggawa dan Allah. Tsarin mulki ya ce shekara 12 da zama lauya ta isa a naɗa mutum a kotun ɗaukaka ƙara, amma dubi Mai shari'a Aloma Mukhtar, daga majistare ta faro, ta zama alƙaliyar babbar kotun Kano a 1977, sai 1987 ta shiga kotun ɗaukaka ƙara, mace ta farko, ta zauna nan har 2005 kafin ta tafi kotun ƙoli. A shari'ar zaɓen 2007 tsakanin Buhari da 'Yar'aduwa tana cikin alƙalai uku da suka saɓa wa huɗu, ta san ba ɓangarenta ne zai yi rinjaye ba amma ta rubuta abin da ta gani. Wanda ya ci bashin alfarma ba zai iya haka ba wallahi.

Maganar hidimar jama'a da kika kawo, ina so ƙwarai, sai dai a kujerarki abin yana da tarko. Za a kira ki uwar taro, a sa sunanki a kwamitin makaranta ko gidauniya, kuma attajirin da ya ba da kuɗi mafi tsoka ranar, gobe lauyansa ne a gabanki. Ki je ki yi wa ɗaliban lauya lacca, ki ziyarci gidan yari ki duba waɗanda suka daɗe suna jiran shari'a, amma tara kuɗi ki bar shi sai kin ajiye aiki. Marigayi Mai shari'a Mustapha Akanbi ya shugabanci kotun ɗaukaka ƙara daga 1992 zuwa 1999, bayan ya sauka aka ba shi hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a 2000 ya zama shugabanta na farko, daga baya ya kafa gidauniyarsa a Ilori.

Dangi ma sai kin yi haƙuri da su, wasu za su ce kin yi girman kai don kin ƙi ɗaga waya a kan shari'ar abokinsu. Ki turo min su ni zan yi musu bayani, ni ma ba zan taɓa roƙonki a kan fayil ɗin kowa ba. Ki gaida maigidanki da yaran, kuma ki riƙa samun barci, karatun nan na dare yana cin ido.

Babanki