Zuwa ga ƙanena mai tambayar wa ya rubuta min takarda

Assalamu alaikum. Tambayarka ta Facebook ta iso ni, yara ne suka karanta min a majalisar bakin masallaci kowa na ji. Wai wa ya rubuta min abin da na faɗa a rediyo ran Laraba kan kachala, doguwar ciyawar nan da ke toshe mana kogi, kuma don me nake ta nanata magana ɗaya kamar aku. Ka kuma ce muryata na rawa. Wannan kam gaskiyarka, ta yi rawa, kai ma ran da aka ajiye maka makirfo a gaba ma ji taka.

Amma wai wani ya rubuta min? Haba ƙanena. Tun kana goye nake noman shinkafa a fadamar Auyo, tambayi babanka, tare muka sha fitar da buhuna a ka, ruwa iya ƙirji. Sai yau ne zan nemi wani ɗan birni ya gaya min abin da ke cin gonata?

Takardar da hannuna na rubuta ta, layi uku ne kacal, kuma kwana uku na yi a kanta. Na sa yarona ya zama ɗan jarida yana jefo min tambayoyi masu zafi, muka ɗauka a waya, da na saurara sai na ji ashe duk numfashi sai na ce "ka gane", uwargida har da riƙe ciki don dariya. Haka na yi ta gogewa.

Nanatawar kuma da gangan ne. Minti 15 aka ba ni, cire gaisuwa, cire talla, cire masu bugo waya su gai da surukansu, me ya rage? Sannan da yamma ɗan guntu za su yanko wanda bai kai minti ɗaya ba su sa a labarai, kuma ba ni zan zaɓa ba, to dole duk inda almakashinsu ya faɗa ya tarar da kachala a wurin. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa ya biyo a 1992, kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba, kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, damina na yi ruwa ya rasa hanya ya faɗo gonaki, wanda ya ga ambaliyar 2022 ba sai an ba shi labari ba. A yashe kogi a cire kachala kafin damina, abin da ya kai ni gidan rediyo a Dutse ke nan. Da mai shirin ya ja ni wai wace jam'iyya ce da laifi, na ce ba hurumina ba ne, na koma kan kachalata. Da na biye masa da washegari rigimar siyasa za a yi ta yi, kogi ko oho.

Na san tun zaɓen sakataren ƙungiya da ba ka samu ba komai na yi da magana, ba komai. Abin da ke damuna da ku 'yan bokonmu shi ne kun iya tsefe maganar mutum daga Kano, amma ran gayya wayarku a kashe. Ran Asabar akwai yankan kachala bayan sallar asuba, lauje na da shi guda biyu.