Ba kowace karkatacciyar ƙafa ce gwame ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirin lafiya na ranar Laraba ya yi ta maimaita "gwame, gwame", har ya ce wa uwar da ta bugo waya ta kwantar da hankalinta, ƙafar jaririn za ta miƙe da kanta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Gwame a gwiwa yake. Gwiwoyi su haɗe, idon sawu ya rabu, shi ke nan. Yakan fito fili a wajen shekara 3 zuwa 4, kuma yawanci kafin shekara 7 ya daidaita. Yaron da ke tafiya yatsunsa na kallon juna kuwa, ƙashin ƙwauri ko na cinya ne ya ɗan juya ciki. Irinsu ne masu son zama su baje ƙafafu baya kamar kwaɗo. Shi ma girma kan gyara shi.

Amma matar nan cewa ta yi da shi aka haife shi, tafin ƙafa na kallon ciki, dunduniya ta ɗage sama, in an taɓa a ji ta da tauri. Wannan murɗaɗɗiyar ƙafa ce, kuma ba ta warwarewa da jira. Tun makonnin farko ake farawa, da hanyar da Dakta Ponseti ya fito da ita a Amurka: a lallaɓa ƙafar a hankali, a naɗa filasta daga yatsu har cinya, a sauya duk mako, sau 5 zuwa 8. Galibi sai an ɗan tsaga agara don dunduniya ta sauko, a sake filasta na mako 3. Daga nan takalmi mai sandar ƙarfe a tsakani, awa 23 kullum har wata 3, sannan lokacin barci kawai har shekara 4 ko 5. A nan iyaye ke karaya. Yaro ya yi kuka dare biyu, kaka ta ce a cire masa, ƙafa ta koma gidan jiya. In aka bari har ya fara tafiya a kan gefen ƙafa, fata ta yi kanta, aikin ya ƙara wuya. Gashi da ruwan zafi ko kai shi wurin maɗori ba ya yi, don ba karaya ba ce.

Ku sake shirin, ku nemo likitan ƙashi, ku gyara maganar a iska. Sannan don Allah ku rage tallan maganin basir da kuke cusawa sau uku cikin rabin awa.

Mai sauraronku,
Unguwar Sanusi, Kaduna