Likita, kwikwiyona ba ya zuwa in na kira shi

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Ina sauraron shirinka duk mako, yawanci maganar shanu da kaji ake yi, to ni yau maganar kare na kawo, kar a yi min dariya don Allah.

Ina da ɗan gidan kaji a wajen Shika, kan hanyar Zariya zuwa Funtua, bana sau biyu ana shigo min da dare ana kwasar kaji, shi ne na karɓo ɗan kwikwiyo wajen wani maharbi don gadi, tunda malamai sun ce ajiye kare don gadin dabbobi ko gona ko farauta ba laifi. Baƙi ne wuluk, yara suka sa masa Duna. Yanzu watansa 5, na kai shi an yi masa allurar haukan kare da ya cika wata 3, ta wannan ɓangaren alhamdulillahi.

Matsalar ita ce in na kira shi ba ya zuwa. Kuma ba wai ba ya ji ba ne, yana ji sarai, zai tsaya ya ɗaga kunne ɗaya ya kalle ni, in na matsa taku biyu ya ja baya taku biyu, in na bi shi da gudu kuma shikenan wasa ya samu, mu yi ta zagaye rijiya ni da shi, ni da furfurata, maƙwabta na kallo.

Gaskiya ina zargin kaina. Wata rana ya kama min ɗan tsako, na fito na ga gashi a bakinsa, raina ya ɓaci na kira shi, ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya, da ya iso na zabga masa bulala. Tun daga ranar ya canza. Sai daga baya nake tunani, shi fa a kansa ba tsakon aka dake shi a kai ba, zuwan da ya yi ne aka dake shi. Ga shi kuma in na lissafa, ban taɓa kiransa don wani abin daɗi ba, ko dai in ɗaure shi da magariba ko in watsa masa ruwan maganin kaska wanda ya tsana.

Abin da ya fi ba ni haushi, ƙaramin ɗana mai shekara 9 in ya yi fito sau ɗaya, ko Duna na bayan katanga zai taho har yana faɗuwa. Na sa ido na gano yaron kullum da kan kifi busasshe a aljihunsa, yana satowa daga kicin ɗin mamansa, kuma shi ba ya bin karen, juyawa yake ya ruga, sai karen ya biyo shi. Na gwada rugawar nima sau ɗaya, wallahi ya biyo ni, amma da na miƙa hannu zan kama wuyansa ya goce.

Shekaranjiya ne hankalina ya tashi. Ya fice ta ƙofar da aka bari buɗe ya bi wata akuya har bakin titi, ka san manyan motocin da ke bin hanyar nan, ina ta kwala kira ko waige, wani mai babur ne ya taka birki da kyar ya kauce masa, ya zage ni tas kuma ban ga laifinsa ba.

Maharbin da ya ba ni shi ya ce in hana shi abinci kwana biyu zai dawo hanya, wai kuma in tofa masa yawu a baki. Ban yi ba, raina bai kwanta ba. Wani ɗan uwana kuma ya turo min bidiyo a waya, ana sa wa kare doguwar igiya kamar mita 10, a kira shi sau ɗaya, da ya zo a ba shi ɗan nama nan take a sake shi ya koma wasa, minti 5 kawai a rana sau biyu ko uku.

To Likita wanne zan bi? Kuma tunda sunan Duna a bakina ya zama abin tsoro a wajensa, in canza masa kira ne, misali in koma fito kamar yaron, ko zai manta da bulalar a hankali? In ana ba shi kifi kullum ba zai zama sai ya ga abu a hannu zai zo ba? Ni dai an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wata 5 ɗin nan ya bushe ko da saura?

Yanzu dai yana ɗaure a gindin darbejiya, yana ta kuka, uwargida ta ce ko in yi maganinsa ko in mayar wa mai shi.

Na gode, Allah ya ƙara basira.
Mai sauraronka daga Shika.