A Daina Ɗaura Wa Tsofaffin Jitoci Tsirkiyar Ƙarfe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu domin in ja hankalin 'yan uwa masu cinikin kayan gwanjo da matasa masu sha'awar kiɗa a nan Legas kan ƙananan jitocin nan na da, waɗanda akan tsinta jifa-jifa cikin kayan da ke shigowa ta ruwa.

Kamfanoni irin su Martin, wanda aka kafa a Amurka a 1833, da Washburn na birnin Shikago, sun ƙera su da yawa a ƙarshen ƙarni na 19, don a riƙa kaɗawa a falo. Cikinsu siriri ne, wuyan yana haɗuwa da jiki a gaɓa ta 12 cikin gaɓoɓin da ake danna tsirkiya a kansu, katakon fuskar kuma an fere shi har ya yi shara-shara, an tokare shi daga ciki da 'yan sanduna marasa nauyi. Wannan ne ya sa muryarsu take fita tsaf da ɗan taɓin yatsa, kowace tsirkiya ana jin ta daban, abin da manyan jitocin yanzu ba su cika yi ba.

Matsalar ita ce yawancinsu don tsirkiyar hanjin dabba aka yi su, kuma babu sandar ƙarfen nan da ake juyawa don miƙar da wuya a cikin wuyan. Idan aka ɗaura musu tsirkiyar ƙarfe, wadda janta ya kusa ninka na hanji, sai fuskar ta kumbura, jakin, wato ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a kan fuskar, ya fara ɗagowa, wuyan ya sunkuya. Na riƙe wata a Agege wadda jakinta ya rabu da katakon har katin waya yana shiga ƙarƙashinsa, an kuma malala mata sufa-gulu. Wallahi abin ya dame ni, domin masu ƙera su da gam ɗin fata suka haɗa su, wanda ɗumi da laima suke sassautawa a gyara, sufa-gulu kuwa ba ya fita sai ya ɓanɓaro katako.

Laimar Legas ma tana kumbura katakon, wanda ya fi son danshin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, sannan in aka kai jitar Kano da hunturu ba cikin akwatinta ba, tsagewa za ta yi.

Duk wanda Allah ya sa irin wannan jita ta faɗo hannunsa, ya sassauta tsirkiyoyin nan take, ya sa mata na nailan, kada kuma ya bari kafinta ya kankare ta ya shafa sabon fenti kafin wanda ya san aikin ya duba ta.

Naku mai karatu,
daga Agege, Legas