Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga rahoton bana, kuma kamar kullum ni kaɗai na zauna na haɗa shi.

Zaman wata-wata mun yi shi, ban da na watan azumi.

Abin da ya wanke mana ido shi ne taron tarkon ayon. Tunda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantum, wato kimiyyar ƙananan abubuwa irin su atom, muka ce bari mu nuna wa yaran sakandare yadda ake kama ayon guda, wato atom ɗin da ya rasa ilektiron, a dakatar da shi a sarari ba ya taɓa komai. Wutar lantarkin da ba ta sauyawa ba ta iya riƙe shi, in ta matse shi ta nan sai ya sulale ta can, kamar ƙwallo a kan sirdin doki. Dabarar Wolfgang Paul na Jamus ita ce a dinga sauya ƙarfin wutar da sauri, kafin ayon ya gudu an juya masa gangaren, ita ta sa Paul ya samu kyautar Nobel a 1989 tare da Hans Dehmelt. Mai walda ya lanƙwasa mana faranti kamar sirdi, muka ɗora kan injin fanka, in farantin na tsaye ƙwallon da muka sa a kai faɗuwa yake, ana kunnawa sai ya zauna a tsakiya yana rawa, wallahi yara har tafi suka yi, wata yarinya ta ƙi tafiya sai da aka maimaita mata. Nan muka faɗa musu a irin wannan tarkon ake sanyaya ayon da hasken leza, kuma tun 1995 masana kimiyya Cirac da Zoller suka nuna za a iya gina kwamfutar kwantum da su, yanzu kamfanonin IonQ da Quantinuum a kan wannan aikin suke.

Tarkon ƙura kuwa, wato irin wannan tarkon mai kama ƙwayar ƙura maimakon ayon, bai kammala ba, kuma masu cewa an yi sakaci su ji: yana buƙatar taransifoma mai dubban bolt, ba zan jona wannan a gaban yara da tarkacen gwangwan ba. Kuɗin kuma babu. Kuɗin walda ma daga aljihuna ya fita.

Wasunku a WhatsApp kun fi kowa bayanin Wineland, masanin tarkon ayon, ana zancen kuɗin wata sai tsit. Na gaji da kira. Ma'aji na nan da littafinsa, kowa ya zo zama na gaba da bashinsa a hannu, kuma a nemo wani sakataren.