Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Lamido Kan Aron Gonaki a Kwarin Binuwai

Zuwa ga Mai Martaba Lamido, ta hannun lawanai da jauro-jauron ƙasarmu, wato dagatai da masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da basirar riƙon jama'a.

Mu ne ƙananan manoma na ƙauyukan da ke ƙarƙashin ikonka a kwarin Binuwai na arewacin Kamaru, maza da mata, Hausawa da Fulani da Mafa da Tupuri da Giziga da Mundang, Musulmi da Kirista. Abin da ya haɗa mu shi ne yadda ake ba da aron gona a ƙasar nan da yadda ake karɓe ta, domin a ganinmu asalin mutum ake dubawa kafin a dubi gumin da ya zuba.

Mai Martaba ya fi mu sanin tarihin. Tun shekarun 1970 gwamnati ta buɗe shirin raya arewa maso gabashin Binuwai, iyalai suka sauko daga duwatsun Mandara da filayen Arewa Mai Nisa inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, sannan da aka kammala madatsar ruwan Lagdo a 1982 wasu suka ƙara zuwa domin kamun kifi da noma. Waɗannan mutane ne suka sare daji, suka tumɓuke kututture, suka mayar da wuraren da ba a shiga gonakin auduga da masara da gyaɗa. A nan aka haifi 'ya'yansu da jikokinsu, a nan suka binne iyayensu, amma har gobe idan maganar ƙasa ta taso sai a kira su baƙi. Mu Hausawan da muka sa hannu a wannan takarda ba mu manta cewa kakanninmu ma fatauci ya kawo su ba, don haka ba mu ga dalilin da zai sa a ɗauke mu 'yan gida, a bar maƙwabcinmu Mafa a bakin ƙofa ba.

Ga yadda abin yake faruwa, ranka ya daɗe. Manomi zai karɓi aron kar (rubu'in hekta) ɗaya ko biyu da baki kawai, babu takarda, babu shaida sai mai ƙasar da jauro. Zai shuka auduga, ya ɗauki takin zamani bashi ta hannun ƙungiyarsa ta manoma, kuma duk manomi ya san ƙarfin wannan taki ba ya ƙarewa a shekara guda, masarar da za ta biyo baya ita ke cin ragowarsa. To da zarar an tsince audugar sai mai ƙasar ya ce yana bukatar gonarsa, ya shuka masara a kan takin da wani ya biya, ko kuma ya ba wanda ya fi tayi. Mai aron sai ya koma neman wata gonar da ƙuduji ya cinye, ya sake farawa daga tushe. Irin wannan ƙwace ya fi faɗa wa wanda ba shi da dangi a fada, kuma ya fi tsanani a kan mata, musamman gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, wadda sau da yawa ake karɓe gonar tun ba ta gama zaman makoki ba.

Cutarwar ba ta tsaya ga mai aro ba, ƙasar kanta tana mutuwa. Wanda bai san ko zai sake taka gonar baɗi ba, ba zai kai mata takin shanu ba, ba zai jera duwatsu ya tare zaizaya ba, kuma ba zai bar gawo ya girma a cikinta ba. An ma hana da yawa daga cikinmu dasa mangwaro ko darbejiya, wai dasa itace alamar mallaka ce. Sakamakon haka yabanya tana raguwa, rumbu yana ƙarewa kafin damina ta yi nisa, maigida ya ci bashin hatsi a watan Agusta ya biya ninki da kaka, buhunan kuma su wuce kasuwar Pitoa ko su tsallaka Najeriya, wanda ya noma su yana sayen awo da tsada. Wasu masu ba da wannan bashi daga cikin jama'armu suke, kuma muna roƙon a ja musu kunne kamar kowa.

Ba mu zo da wata sabuwar magana ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya raya matacciyar ƙasa, to tasa ce. Kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya tabbatar wa kowane mutum 'yancin zama a inda ya so. Dokar ƙasa ta 6 ga Yuli 1974 ta kafa kwamitin ba da shawara kan filaye, inda sarkin gargajiya da dattawansa suke da kujera tare da wakilin gwamnati, wanda ke nufin muryar fada tana da nauyi a gaban hukuma. Sai dai takardar mallaka tana da tsada da doguwar hanya, talaka mai kar biyu ba zai kai gare ta ba, shi ya sa muka nufo ƙofar da ta fi kusa da mu.

Muna roƙon Mai Martaba ya umarci lawanai da jauro-jauro cewa daga daminar bana duk aron gona a rubuta shi a takarda mai kwafi uku, ɗaya ga mai ƙasa, ɗaya ga mai aro, ɗaya a ajiye a fada, kuma wa'adin kada ya gaza shekara uku domin auduga da masara da gyaɗa su zagaya a hannun mutum guda. Muna roƙon kuɗin aro da abin da ake kai wa fada bayan girbi su zama awo ɗaya ga kowa, a shelanta shi a kasuwa, a masallaci da coci, yadda babu wanda zai biya ƙari saboda harshensa ko addininsa. Idan mai ƙasa ya karɓi gonarsa kafin wa'adi, to ya biya kuɗin taki da na aikin da aka yi. Gwauruwa kuwa a bar mata gonar mijinta har wa'adin ya cika, kuma a ba ta fifiko idan za a sabunta. Game da iyalan da suka sare daji da hannunsu, muna roƙon a zauna da dattawan kowace ƙabila a tantance gonakinsu a rubuce, tare da ware burtalin shanu domin kada gyara ɗaya ya jawo rigima da makiyaya.

A shirye muke mu turo wakilanmu, har da mata, su bayyana a gaban fada duk ranar da Mai Martaba ya sa, kuma muna fata hakan ya kasance kafin sharar gona ta fara.

Allah ya taimaki Lamido.

Daga manoman ƙauyukan kwarin Binuwai, waɗanda sa hannunsu da dangwalensu ke biye da wannan takarda.