A Ziyarci Dandalin Mutum-mutumin 'Yan Gurguzu na Budapest, Amma Kada a Tsaya a Ɗaukar Hoto

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani wuri da na ziyarta a Budapest, babban birnin ƙasar Hangari, wanda nake ganin ya kamata 'ya'yanmu da ke karatu a jami'o'in ƙasar, da duk wanda tafiya ta kai shi can, su ware masa yini guda. Sunansa Memento Park. Fili ne a sarari a bayan gari, ta kudu maso yamma, inda aka tattara mutum-mutumi da allunan tunawa fiye da 40 waɗanda suka cika tituna da dandalolin birnin a zamanin mulkin gurguzu.

Sojojin Tarayyar Sobiyet sun kori na Jamus daga Hangari a 1945, amma ba su koma gida ba, kuma kafin ƙarshen 1949 jam'iyyar gurguzu ƙarƙashin Mátyás Rákosi ta haɗiye duk sauran jam'iyyu. Da mulkin ya rushe a 1989, sojan Sobiyet na ƙarshe kuma ya fice a watan Yunin 1991, sai mutanen Budapest suka shiga muhawara a kan yadda za a yi da waɗannan kayan tagulla da dutse. Wasu suka ce a farfasa su a narkar, wasu suka ce a bar su inda suke. Majalisar birnin ta zaɓi a kwashe su zuwa wuri guda, aka ba mai zanen gine-gine Ákos Eleőd aikin tsara filin, aka buɗe shi a 1993.

Hikimar mutumin nan ta fi burge ni fiye da mutum-mutumin kansu. Mai zuwa zai fara cin karo da wata gagarumar fuskar gini ta jan bulo, da mutum-mutumin jagororin aƙidar gurguzu, Lenin a gefe ɗaya, Marx da Engels a ɗaya gefen, sai ya ɗauka wata fada zai shiga, alhali kuwa bango ne kawai, babu gini a bayansa. Babbar ƙofar ƙarfen da ke tsakiya a kulle take kullum, ta ƙaramar ƙofa a gefe ake shiga, sannan hanyar da ta ratsa filin tana ƙarewa ne a jikin wani bango, dole mutum ya juyo. Ba a zana wa kowa ƙaho ba, ba a rubuta zagi a ƙarƙashin kowa ba. Akwai sojan Sobiyet mai tsayin mita 6 riƙe da tuta, wanda aka kafa a kan tsaunin Gellért a 1947, akwai kuma wani ƙaton mutum da ya yunƙura a guje yana kaɗa ƙyalle, wanda aka yi a 1969 don tunawa da gwamnatin gurguzu ta Béla Kun da ta yi kwana 133 kacal a 1919. An ƙera su ne don a kalle su daga ƙasa a ji tsoro, yanzu kuwa suna tsaye kusa da juna a kan ciyawa, babu mai sara musu.

Na san wasu masu karatu za su ce me ya haɗa Musulmi da kallon mutum-mutumi. Ba girmamawa ake zuwa yi ba, kuma addininmu da kansa ya umurce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance.

Abin da ya fi nuna wannan ƙarshe shi ne takalman Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, da ke kan wani dogon dandamali daura da ƙofar shiga. A 1951 aka kafa wa Stalin mutum-mutumin tagulla mai tsayin mita 8 a gefen babban lambun birnin, bayan an rushe wata majami'a domin a buɗe filin faretin da zai tsaya a ciki. Ranar 23 ga Oktoban 1956, daren da boren jama'a ya ɓarke, mutane suka yanke shi da wutar walda suka kayar, ba abin da ya rage a sama sai takalman. Murnar ba ta daɗe ba, domin ranar 4 ga Nuwamba tankokin Sobiyet suka afka wa birnin, 'yan Hangari kimanin 2,500 suka mutu, wasu kimanin 200,000 suka yi gudun hijira, aka kuma rataye Imre Nagy, firaministan lokacin boren, a 1958. Takalman da ake gani a yau kwaikwayo ne da aka yi a 2006, lokacin cikar boren shekara 50.

A nan ne damuwata take, Malam Edita. Yawancin baƙin da na gani, matasa ne daga ƙasashe daban-daban, suna kwaikwayon tsayuwar Lenin ana ɗaukar su hoto, suna shiga tsohuwar motar Trabant ta Jamus ta Gabas suna dariya, sannan su sayi riga mai jan tauraro a kantin bakin ƙofa su kama hanya. Ban ga laifin dariyar ba, musamman ga 'yan ƙasar da suka yi shekara 40 ba su da ikon yin ta a fili. Sai dai mutum-mutumi farfaganda ne tun asali, an yi shi ne don ya nuna ma'aikaci ƙaƙƙarfa da soja mai ceto, kuma ko an kai shi bayan gari abin da zai ci gaba da nunawa ke nan. Ba zai faɗa maka sunan manomin da aka ƙwace wa gona ba, ko fursunonin da aka sa fasa dutse a sansanin Recsk tsakanin 1950 da 1953. Wanda ya shiga bai san tarihin ba zai iya fitowa yana ganin zamanin ado ne da fareti. Abin da ya ɗan cike wannan giɓi shi ne wani ɗakin katako da ke harabar, inda ake nuna ainihin finafinan da 'yan sandan asiri suka shirya don koya wa jami'ansu yadda ake dasa na'urar sauraro a gidan mutum, da binciken ɗaki a ɓoye, da mayar da maƙwabci ɗan rahoto. Da yawa suna wuce ɗakin ba su leƙa ba.

Duk da haka na fi yarda da salon Budapest a kan na Grūtas Park a ƙasar Lituwaniya, wanda wani attajiri ya buɗe a 2001, ya kewaye mutum-mutumin zamanin Sobiyet da waya mai ƙaya da hasumiyoyin gadi irin na sansanin fursuna, ya kuma haɗa da gidan namun daji da wurin wasan yara. Ba mamaki da wasu daga cikin waɗanda aka taɓa kora zuwa Saiberiya suka ɗauki hakan a matsayin wasa da azabarsu.

Shawarata ga ƙungiyoyin ɗalibanmu da ke Hangari ita ce su shirya ziyarar a rukuni, su nemi mai jagora da ya san tarihin, kuma su fara da gida mai lamba 60 a titin Andrássy, tsohuwar hedikwatar 'yan sandan asiri da aka mayar gidan tarihi a 2002, inda za su ga ɗakunan tsare mutane na ƙarƙashin ƙasa. Su shiga can ma da idon basira, domin an buɗe shi ne a lokacin gwamnatin Viktor Orbán ta farko, kuma masana da dama sun soke shi da cewa ya taƙaita ta'asar 'yan fasist na ƙasar, wato magoya bayan Hitler, waɗanda su ma suka yi amfani da gidan, ya faɗaɗa ta 'yan gurguzu. Daga nan sai su hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 4 zuwa tashar Kelenföld, inda motocin safa ke tashi zuwa dandalin.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Zariya